Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malam Ƙauri, Mazaunin Cikin Mota

Malam Ƙauri, ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa, da tambayar zafin bazara, wanda na san lokacin cin kasuwarka ne. Na rubuto ne don in wanke ka daga sharrin da ake maka a tashoshin Ƙonni da Malbaza da Illela, inda da an ji ɗuriyarka sai a yamutsa fuska, a sauke gilashi, wani ma ya fesa turare. A ganina, duk ma'aikatan da ke cikin mota, daga direba har karen mota, babu mai gaskiyarka, kuma kai kaɗai ne ba ka karɓar ko dala. Laifinka dai kana faɗin abin da ba a son ji, kuma ana tsakiyar sauri.

Hujjata ita ce ba ka taɓa zuwa haka siddan, kuma duk zuwan da za ka yi kana ɗauke da sunan wanda ya aiko ka. Motar da ta taso daga Tajaye ranar kasuwa, an yi mata lodin gero da awaki da mutane har bisa rufi, ta shiga rairayi, direba yana taka totur ƙafarsa rabi a kan kuloci, injin yana kuka mota ba ta gaba: warin da ka kawo a nan na kuloci ne yana cin kansa. Babbar motar da ta ɗauko siminti daga Malbaza ko albasar Galmi, ta bi gangaren ƙasar Adar direba ya kwanta a kan birki maimakon ya rage giya, ita kuma ta wajen taya kake fitowa. A nan ne ma ka fi cancantar godiya, don a motar da ke aiki da man birki, man yana shan danshi in ya tsufa. Sabon man birki na DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya haura digiri 200, wanda ya sha ruwa kuwa tun wajen 140 yana iya tafasa, kuma in ya tafasa ƙafa za ta nutse har ƙasa mota ba ta tsaya ba. Kai ne ke riga wannan ranar isowa. In taya ɗaya ta fi ƴan uwanta zafi, birkinta ne ya riƙe; in na baya duka biyu ne, ƙila an manta birkin hannu a ɗaure. In ka zo da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga ƙarƙashin bonet, baƙin mai ne ke ɗiga a kan salansa. In ka zo da warin roba da ƙara kamar ta tsuntsu, fambel ne ya saki.

Muryarka da ta fi ban tsoro ita ce ta narkakkiyar waya. Fis, ɗan abin nan ja mai lamba 10 ko shuɗi mai 15, an yi shi ne don ya mutu a madadin mota. Sai wani gwani ya ga yana yawan ƙonewa, ya cire shi ya cusa guntun waya ko takardar kwalin taba. Daga ranar nan ba sauran mai gadi sai kai. A yankin da ake sayar da fetur a kwalba a bakin titi, ake kuma ajiye jarka a bayan kujera, wannan ba abin wasa ba ne. Abin da kake roƙo kaɗan ne: a tsaya, a kashe inji, a sauke mutane, a cire kan batir, in an ga harshen wuta a nemi yashi, kada a nemi ruwa.

Masu ƙararka suna cewa tsohuwar mota ai ba ta rabuwa da wari, kuma kai ma kana ƙarya. Ba zan ɓoye ba, akwai ranar da kake tayar da hankali a kan abin banza: leda ta manne wa salansa, ko yaron gareji ya zubar da mai a jikin inji wajen juye, ko sabon takalmin birki yana zama. To amma wane mai gadi ne ake kora don ya yi ihu an fito an tarar akuya ce? Duba ƙarƙashin mota minti biyar ne, kuma warin banza yana gushewa, na gaske kuwa ƙaruwa yake yi. Wasu kuma suna cewa zamani ya wuce ka, motocin yanzu suna da fitilu masu gargaɗi. Su leƙa motocin da suka sha duniya kafin a sauke su a tashar jirgin ruwan Kwatano. Fitilar ta daɗe a kunne har direba ya ɗauke ta ado, wani ya liƙe ta da salatif. Hanci kuwa ba ya buƙatar fis.

Ƙarar da ta fi nauyi ita ce ta tsayawa a daji: fasinja na sauri, babu bakanike tsakanin ƙauye da ƙauye, dare kuma ba abokin kowa ba ne. Wannan gaskiya ce, amma ba kai ka zaɓi wurin ba. Kana yin sallama tun a mararrabar Tsarnawa inda akwai inuwa da mai gyara, a ƙi amsawa, sai can hanyar Badagishiri motar ta yanke wa kanta hukunci. Ko da an tsaya ma a bar garaje, kada a buɗe murfin lagireto yana tafasa, kada a sheƙa wa birki mai zafi ruwa, ƙarfen yana iya lanƙwashewa.

Roƙona gare ka, Malam, kada ka yi zuciya don an rufe ka da turare. In direba ya yi kamar mura gare shi, ka wuce kujerar baya, ka sami tsohuwar nan mai ƙullin goro, ita ba ta jin kunyar cewa a tsaya.

Naka mai ƙaunarka daga nesa,
Wani mai bin motar haya, Tajaye.