Mun Sayi Gida, Saura Ƙananan Abubuwa

Mu dai a lissafinmu kuɗin gida ɗaya ne tak: wanda aka taya, mai shi ya ce ya sallama. Duk abin da ya biyo baya sunansa "ƙananan abubuwa", kuma su ne ke hana mu barci.

Sai mu yi shekaru muna zubin adashi, a sayar da gonar gado, uwargida ta kawo sarƙarta ta gwal bisa alkawarin "zan saya miki wadda ta fi ta", a haɗa kuɗin cif-cif, ko sisi babu a kai. Ranar biya dillali ya gyara zaman hula ya ambaci la'ada, biyar cikin ɗari, mu saki baki kamar yau aka fara dillanci a Kano. Dillalin ma ai ba ɗaya ba ne. Akwai wanda ya nuna gidan, akwai wanda ya kai mu wurin wanda ya nuna gidan, ga kuma wani dattijo da ba wanda ya san aikinsa, amma tun safe yake kan tabarmar, da shi za a raba. Mai unguwa zai sa hannu, shaidu za su sa, alƙalami kuwa ba ya motsi sai da na goro.

Takardun hukuma fa? Nan muka fi gwaninta. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, kuma gida mai takardar mallaka ba ya sauya hannu sai da amincewarsa, wato ga kuɗin rajista, ga na hatimi, ga na lauya. Mu kuwa takardar ciniki za mu naɗe a leda, mu tura ƙarƙashin katifa, mu ce in an huce za a je ofishin rajistar filaye na KANGIS. 'Ya'yanmu ne za su je, ranar rabon gado. Ma'aikatan cikinmu kuma an sha yankar musu kashi 2.5 na albashi zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, amma ce musu su nemi lamunin ka ji salati: kuɗin ruwa! Gara a ranci na suruki, a riƙa zille masa a wurin ɗaurin aure.

To, an karɓi makulli, sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Mitar wuta na ɗauke da bashin tsohon mai gida, famfo na ado ne, soro yana yoyo tun kafin damina ta kankama. Mu nufi Ƙofar Ruwa da niyyar buhun siminti biyu, mu dawo da tayil, domin na maƙwabci ya yi kyau. Kuma ku lura da inda kuɗin ke fara zuwa: ƙyauren ƙarfe mai zanen zinare da fentin gaban gida. Banɗaki na ciki ko ƙofa babu, an rataya tsohon zani, ai baƙo ba nan zai fara leƙawa ba.

Ranar tashi mu yi cinikin akori-kura sawu ɗaya, ta yi huɗu, don ba mu yarda a bar ko tsohuwar randa ba. 'Yan dako su karya ƙafar gado. Uwargida ta rantse tsofaffin kujeru ba za su taka sabon gida ba, labule kuma sai Kantin Kwari. Saukar Alƙur'ani da waina da kunu ba a taɓa su, wannan kam mun yarda, ko da bashi ne, amma wa ya rubuta su a lissafi?

Kwana uku da tarewa 'yan sintiri su zo da littafinsu, kwamitin taransifoma ya biyo baya, na masallaci ya yi sallama. Daga ƙauye kuma labari ya riga ya kai cewa mun yi kuɗi, Kawu ya aiko yara biyu su zauna su yi karatu, tunda an ce gidan akwai ɗakuna.