An Canja Komai Sai Lambar Mota

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, allurar man motar maƙwabcina ba ta sake ganin rabin tanki ba. Malam tsohon hedimasta ne mai cin fansho, motarsa kuma 'yar Japan ce ƙirar 2005 da ta shigo ta Kwatano. Yakan zuba na dubu uku, ya ja tsaki, ya hau titi da wutar rizab a kunne. In aka yi masa magana sai ya ce shi da motarsa sun san halin juna.

Famfon mai kuwa a cikin tanki yake zaune, kuma man da ya kewaye shi ne ke sanyaya shi. In tanki ya kusa bushewa, haka zai yi ta aiki cikin zafi, yana zuƙo iska da dattin da ya kwanta a ƙasa.

Abin ya fashe ranar da za mu Zariya ɗaurin aure. Malam ne wakilin ango, goro da alawa suna but, ni ina gefensa. Mun wuce Kwanar Dangora kaɗan sai mota ta fara fizga, ta yi tari, ta mutu. Aka samo wani bakanike a bakin hanya. Ya ce a murɗa makulli amma kada a yi kiyi, ya ɗora kunnensa a kujerar baya. Famfo mai lafiya yakan yi ɗan gurnani na kamar daƙiƙa biyu yana tura mai. Wannan shiru kake ji. Bakanike ya ɗauko wani guntun katako, ya shige ƙarƙashin mota, ya riƙa rafka wa tanki.

"Kai, lafiyarka kuwa?" in ji Malam.

"Baba, yi mata kiyi kawai."

Mota ta tashi garau. Malam ya riƙe baki ya ce, "Ashe duka take so!" Ba siddabaru ba ne: ɗan motan da ke cikin famfo ne ya cije, girgiza ta sake shi. Muka isa Zariya mutane na shafa fatiha, an naɗa wani wakilin, goron ma aro aka yi.

Da muka dawo Kano, Malam ya je Ƙofar Ruwa ya sayi sabon famfo aka sa. Mota ta daina mutuwa, amma fizgar tana nan. A sulo sai rawar sanyi, in ya taka totur zai wuce babbar mota sai ta yi shiru tukuna kamar mai shawara da zuciyarta. Bakanikensa na dindindin, dattijon da ya ƙware tun zamanin Fijo 504 mai kafireta, ya saurari inji ya ce fulogi ne. Aka canja. Ya sake saurara ya ce nozil ne, aka wanke. Rewaya ya zo ya ce kwayil ne. Wani ya ce famfon da aka sayo jabu ne, aka sayo na biyu. Uwargidan Malam ta ce ita tun farko ta san bakin mutane ne, ta turara kujeru da habbatussauda. Fansho ya ƙare, wutar cek na nan a kunne, har Malam ya liƙe ta da baƙin salatif don ta daina kallonsa.

A yi wa dattijon adalci, alamun suna da ruɗarwa. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 ga kowane kashi ɗaya na mai, a ma'aunin nauyi. A motocin yanzu kwamfuta ce ke wannan lissafi, kuma ba ta ganin iska da idonta. Wata 'yar na'ura ce da bakanikai ke kira iyafulo take ba ta labari. Tana nan a bayan akwatin iyakilina, da wata siririyar waya a ciki da lantarki ke ɗumamawa. Iskar da ke wucewa tana sanyaya wayar, daga nan ake gane yawanta. In ƙura ta lulluɓe wayar, sai ta faɗi ƙasa da iskar da ta shiga, kwamfuta ta rage mai. Famfo mai rauni ma mai yake ragewa. Yunwar iri ɗaya ce, kunne ba zai raba su ba.

Wanda ya raba gardama wani yaro ne da bai fi shekara ashirin ba, tsohon ɗalibin Malam. Ya zo da 'yar na'urar bincike, ya jona ta a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, irin wanda aka wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996. Ta nuna P0171, wato iska ta yi wa mai yawa. Ya ɗaura geji a layin mai, ƙarfin ya haura bar 3 kaɗan, daidai yadda ake so, ka ga famfo ya fita daga zargi. Ya duba robar iska ko ta tsage, lafiyarta ƙalau. Sai ya zare soket ɗin iyafulo ya ce, "Malam, zagaya da ita mu gani." In an zare, kwamfuta kan koma ga lissafin da ta ajiye. Fizgar ta ragu nan take.

Da aka buɗe akwatin iyakilina, ba matata a ciki, sai ƙurar hunturu da ɓawon gyaɗa, shaidar cewa ɓera ya taɓa kama haya. Dattijon ya sosa ƙeya ya ce ai shi ya cire ta bara, don mota ta samu numfashi sosai. Har ya ɗauko fetur da tsohon buroshin haƙori zai wanke iyafulon, yaro ya riƙe masa hannu: "Oga, don Allah kada ka taɓa wayar nan, tsinkewa za ta yi." Ya kwance sukurori biyu, ya fesa mata maganin da aka yi dominta, ya bari ta bushe, aka sa sabuwar matata, aka goge lambar P0171.

Aikin bai kai rabin sa'a ba, kuɗinsa bai kai na fulogi ba. Famfon farko da aka yi wa ƙazafin jabu yana but har yanzu cikin leda, Malam na neman mai saye. Duk mai bukata ya same shi bayan La'asar, ya ce akwai ragi.