Bayanin Jinsunan Mahaya Keke a Hanyoyin Burji na Ƙasar Garwa

Labari ya iso mana cewa mutanen Turai da Amurka, bayan sun gama shimfiɗa kwalta a ƙasashensu har ba su bar ko lungu ba, sai kwaltar ta gundure su, suka koma neman hanyoyin tsakuwa da gargada da kuɗinsu, suka ƙera wa abin keke na musamman mai kaurin taya, suka kuma mai da shi wasa mai ƙa'idoji da alƙalai. A garin Emporiya na jihar Kansas ana tseren mil 200 a kan tsakuwa tun 2006, a 2022 kuwa hukumar tseren keke ta duniya ta shirya babbar gasarta ta farko a wannan fanni a ƙasar Italiya. To, mu mutanen Garwa da kewayenta, waɗanda in ka ɗebe babbar hanyar da ta taso daga Ngaundere ta ratsa mu ta nufi Marwa, da 'yan rassanta, galibin sauran hanyoyinmu burji ne da yashi da duwatsu, ashe mun daɗe cikin ni'ima ba mu yi godiya ba. Bakin teku kaɗai muka rasa cikin abin da masu wannan wasa ke yabo, shi ma muna rage zafi da tafkin Lagdo, wanda aka datse Binuwai aka samar a 1982; duwatsu kuwa, tun daga Tingilin da ke leƙen gari ta arewa har zuwa Alantika da Mandara, Allah Ya hore mana fiye da buƙata. Saboda haka ya wajaba a yi bayanin jinsunan bayin Allah da ke murza feda a waɗannan hanyoyi, don mai karatu ya san su tun daga nesa.

Mafi yawansu adadi, mafi ƙarancinsu magana, shi ne wanda hawan keke ya zama masa farilla. Za ka gan shi ran Lahadi da sanyin asuba ya nufi kasuwar Pitowa, ya ɗaure buhun masara biyu a kariya, ya rataye kaji ta ƙafa a kan keken, akuya kuma tana kwance cikin kwando tana kallon duniya a baibai, har ya zamana in ka hango shi daga nesa ba ka ganin mutum, ba ka ganin keke, sai dai kaya suna tafiya da ikon Allah. Kekensa Phoenix ne na Sin, ko tsohon Rali na gado wanda babu abin da ya saura na asalinsa sai suna. Birki ya riga mu gidan gaskiya tun tuni, diddigen silifa ne ke na'ibtarsa. Fedar hagu ƙarfe ne tsirara. Sirdi kuwa tsumma ne aka naɗe da robar tsohon tiyub. Ba shi da ruwa da kilomita, da lokutan salla yake auna tafiya: asuba a gida, walaha a kasuwa, la'asar a gida in Allah Ya kiyaye taya. In ka gaya masa akwai masu biyan kuɗin jirgin sama don su zo su yi abin nan da yake yi, sai ya dube ka ya jima, sannan ya roƙa musu lafiya wajen Allah.

Ƙaninsa a wahala, yayansa a wayo, shi ne mai dakon man fetur ɗin nan na Nijeriya da ake kira zuwa-zuwa, wanda ake sayarwa a kwalabe a bakin titi. Wannan ya san kowace burtali da kowace mashigar rafi tsakanin Gashiga da iyaka, ilimin da babu taswirar da ta ƙunshe shi, kuma bai same shi don sha'awar yawon buɗe ido ba, sai don tsananin kunyar da yake ji ta haɗa ido da ma'aikatan kwastan. Babur ya ƙwace mafi yawan sana'arsa, cire tallafin mai da Nijeriya ta yi a 2023 kuma ya ƙara sanyaya kasuwar, amma har gobe in an yi tseren gaskiya a jeji da jarkoki huɗu a baya, ban ga wanda zai kamo shi ba.

Sai kuma wanda hawan ya zama masa nafila, nafilar ma mai haɗe da riya. Babban ma'aikaci ne, wanda likita ya tsoratar da shi da maganar hawan jini da tumbi, ya aika aka sayo masa keke wanda kuɗinsa ya isa sayen shanun huɗa da garmarsu, da hular kwano, da tabarau, da wani wando matsattse wanda da mahaifiyarsa za ta gan shi a ciki da ta yi salati ta rufe ido. Ran Asabar yakan fito daga gari da niyyar Lagdo, direbansa na biye da shi a mota da ruwan sanyi, ba ya wuce gadar Binuwai sai ya tsaya an ɗauke shi hoto ta fuska uku, domin a mazhabarsa tafiyar da ba a sa a Facebook ba ɓatacciya ce, sai an sake. Da kwalta ta ƙare, gargada ta fara kaɗa masa haƙora, sai ya tuna akwai wani taro na gaggawa a ofis, a ɗora keke a bayan mota. Ran Litinin kuwa duk wanda ya shiga ofishinsa sai ya ji tafsirin wannan tafiya, da sharhi, da hashiya.

Akwai Bature mai yawon duniya, wanda ya ɗauko keke tun daga ƙasarsu da jakunkuna huɗu, rana ta dafa shi har ya yi jajur, yana da littafin da yake rubuta kowane taki. Alƙiblarsa Rumsiki ce, inda duwatsun Kafsiki suka miƙe tsaye cak a tsakiyar fili, kuma daga Mokolo zuwa can kimanin kilomita 50 ne na hawa da gangara, waɗanda yakan yi rabinsu a ƙasa yana tura keken, yara na biye da shi suna kiran "Nasara! Nasara!" In ya isa sai ya tafi wajen bokan nan mai duba da ƙaguwa, ya biya kuɗi a gaya masa zai koma gida lafiya, alhali a garinsu ko malamin addininsu bai yarda da shi ba. A yi masa adalci dai: ba ya raki, yana cin abin da aka ba shi, cikinsa ne kawai ke yi masa tawaye. Irinsa sun yi ƙaranci tun da fitinar Boko Haram ta taɓa yankin Mandara, masu masauki da masu rakiya na can kuwa sun ji rashinsu a aljihu.

Malamin mas'ala ba ya hawa sai ya warware hukunci. Tun kafin a bar unguwar Yelwa zai tsai da jama'a ya kawo abin da Risala ta ƙayyade na nisan ƙasaru, wato mil 48, ya tabbatar da cewa Lagdo ba ta kai ba, Gidar ta kai, saboda haka Gidar za a tafi. A hanya zai yi bahasi kan ko jar ƙurar burji ta halatta a yi taimama da ita, da ko wanda ya faɗa cikin kwata yana da sauran alwala. Babbar rigarsa takan shiga sarƙa sau biyu kafin Figil, kowane karo kuma laifin maƙerin keken ne.

Amma wanda na fi tsoro duk cikinsu, kuma nake gargaɗin jama'a a kansa, shi ne mai cewa "nan kusa ne." Shi ne ke naɗa kansa jagora ba tare da mubaya'ar kowa ba, ya ce ya san wata hanyar yanke zuwa kwazazzabon Kola na Mayo Luti, wadda ba ta kai shan kofin shayi ba. Sai ku bar hanyar Allah ku bi tasa, ku tsallake gonakin audugar da kamfanin Sodecoton ke saye, ku saɓi kekuna a kafaɗa ku ratsa yashin busasshen rafi inda taya ke nutsewa, tsidau da ƙayar aduwa su yi wa tayoyinku rabon gado, ruwa ya ƙare, rana ta take tsaka. In kuka tambaye shi sai ya nuna wani dutse da leɓe ya ce bayan wancan ne, in kuka kai bayan wancan ɗin ya nuna wani. Bai taɓa ɓata ba a rayuwarsa, a faɗarsa. Hanyar ce aka sauya bayan damina.

Mai aro ba ya buƙatar dogon bayani: yakan karɓi keke don zuwa "nan bayan masallaci," ya dawo da shi bayan kwana uku babu ƙararrawa.

Dukansu kuwa, mai farilla da mai nafila, malami da Bature, makomarsu guda ce, wato gindin darbejiyar mai faci. Yana zaune da kwanon ruwa mai dauɗa, da famfo, da gam, da guntun tiyub, ba ya kiran kowa, ba ya gaggawa, domin ya san ƙaya na yi masa aiki dare da rana ba albashi. Zai tsoma tiyub a ruwa, ya bi shi a hankali yana kallon kumfa, ya ce "Huɗu ne, Alhaji," alhali kai ɗaya ka sani, kuma ba ka da hujjar musu tun da kumfar ta ba da shaida a gabanka. A nan ne kaɗai za ka ga mai matsattsen wando ya zauna a benci guda da mai akuya, yana jiran layinsa, akuyar na tauna masa igiyar takalmi.

Wanda duk ya yi niyyar jarraba waɗannan hanyoyi, to, ya fita tsakanin Nuwamba da Fabrairu, kafin zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, ya riƙe ruwa da faci da famfonsa, ya gai da jandarma da ladabi a shinge. In kuma wani ya ce masa ya san hanyar yanke, ya yi masa godiya ya bi doguwar.