Masu Hawa Mota a Zangon Lome

Tun da gwamnati ta tashi tsohon Zango daga tsakiyar Lome a 1977 ta mai da shi arewacin gari, kan hanyar Burkina Faso, duk mai rumfa a kasuwar Asigame sai ya hau mota ko babur kafin ya kai ga abincinsa. Tasi a nan ba ta da mita. Da baki ake yanke kuɗi, kuma abin da aka yanke wajen shiga sai an sake shari'arsa wajen sauka.

Ga mai jika goma. Da sassafe, direba ko kuɗin mai bai haɗa ba, shi kuwa gogan ya yi gum har sai an kai Dekon, sannan ya zaro takarda sabuwa fil. "Yi haƙuri direba, ita ke nan gare ni." Direba ya je wurin mai koko, ya je wurin mai man kwalba, kowa ya girgiza kai, fasinjoji na tsaki. A ƙarshe a ce ya tafi, Allah ya isa. Takardar nan ta hawa mota ce, za ta tsufa a aljihunsa ba a taɓa canza ta ba.

Wanda direbobi suka fi tsoro shi ne Alhajin zumunci. Yana zama sai tambaya: "Yaro, kai ɗan gidan wa ne?" Kafin a wuce Terminal du Sahel, inda manyan motocin Nijar da Mali suka saba kwana, ya riga ya gano shi ya raba goro ranar sunanka, da kakanka kuma suka yi fataucin shanu. In an zo sauka sai ya dafa maka kafaɗa: "Allah ya yi maka albarka, ka gaida Malam." Ka ce amin mana, da wane bakin za ka tambayi baba kuɗi? Sai dai gidan mai ba su karɓar albarka.

Hajiya kuwa ɗan kaya ne da ita kullum. Ɗan kayan shi ne dilar gwanjo biyu daga Hedzranawoe, da buhun gari, da jikanta da ta ce a cinya zai zauna, alhali ya kusa gemu. Mutum huɗu a baya, biyu a gaba, ita kuɗin kujera ɗaya ta sani. Ta kwance bakin zane ta ƙirgo tsabar da ta suɗe har ba a ganin lamba, ta haɗa da ƙwandalar 250, wadda bankin BCEAO ya sha cewa kuɗi ce, mai tumatir kuma ta ce ba ta ji ba.

Baƙon Kano a ce masa dala ɗari, ya miƙa sefa 100 yana murna da araha. Sai an zaunar da shi: dala sefa 5 ce, 500 ake nufi. Ya buga a waya ya mayar naira, ya yi salati.

Samari sun zo da sabon salo. Tun da manhajar Gozem ta fara a Lome a 2018 ana ganin kuɗi a waya kafin a hau, amma mai biya ta Flooz bai rasa ƙofa ba: "Na tura, rezo ne." Saƙon da yake nunawa na makon jiya ne.

Direbobin ma ba waliyyai ba ne. Akwai mai aljihu biyu, na canji ba ya buɗuwa sai ka yi kamar za ka kwana a motar. Ɗan zemijan, mai babur ɗin haya, kuma babbar rigarka yake dubawa kafin ya yanka kuɗi, hadari na haɗuwa farashi ya ninka.

Ni dai a cikin taron nan Hajiya na fi ganin girmanta. Tsabarta ta suɗe, amma kuɗi ta bayar.