Jikokin Shekisfiya

Duk wanda ya shafe shekara huɗu a sashen Turanci da adabi na wata jami'a a Arewa ya san cewa ba littattafan manhaja ne suka fi wuyar sha'ani ba. Chaucer ya rasu tun 1400, ya bar Turancin da ko Turawan yau sai sun haɗa da ƙamus, amma da haƙuri da fitilar waya ana shawo kansa. Mutanen da za ka haɗa benci da su tun daga aji ɗaya har ranar miƙa kundi, su ne jarrabawar da ba a sa mata rana, ba a kuma ba da hutu. Ga kaɗan daga waɗanda Allah ya jarrabe ni da su.

Na farko shi ne Lauyan Da Bai Samu Ba. Shi fa aikin lauya ya cike a JAMB, maki ya gaza, aka turo shi nan ya rage zafi. A aji ɗaya yana cewa zai canza sashe in an shiga aji biyu. A aji biyu ya ce ai ba a makara ba. A aji huɗu ma baƙar kwat yake sawa ranar Litinin. Littafi ɗaya ne ya taɓa taɓa masa zuciya, The Merchant of Venice, saboda akwai zaman kotu a ciki, kuma har gobe yana ganin da shi ya tsaya wa Shylock da ba a yi masa wannan kayen ba.

Sai Baturen Unguwa. Lafiya lau muka shigo da shi, yana magana irin ta kowa. Kwas ɗin furuci na aji biyu ne ya ɗauke mana shi. Tun daga ranar da aka koya masa inda Baturen Landan yake ajiye harshensa, magana ta daina bi ta bakinsa, ta koma hanci. Ya taɓa zuwa teburin mai shayi ya yi oda da wannan murya, mai shayi ya dube shi da tausayi ya ce, "Malam, mura ce? Bari in ƙara maka citta." Abu biyu kawai ke dawo da shi gida: in mai adaidaita ya watsa masa ruwan kwata, da in wayarsa ta yi ƙara ya ga sunan mahaifiyarsa. Nan take za ka ji, "Na'am Inna, wallahi ina ci, ina cin abinci."

Akwai Uwar Aji, mai zama a layin gaba da biro kala uku. Ba ta barin komai ya faɗi ƙasa. In lakcara ya yi tari, za ka same shi a gefen shafi. Duk zango ba wanda ya damu da ita, amma ana kafe jadawalin jarrabawa sai ta zama Anti, ta zama Hajiya, har masu gemu suna tambayar lafiyar mutanen gida. Mai hoton takardu na bakin ƙofa ya fi sanin rubutun hannunta fiye da na 'ya'yansa. Wata rana hannunta ya zame ta juya lambobi, ta rubuta cewa Things Fall Apart ya fito a 1985 maimakon 1958. Aji guda ya rubuta haka a jarrabawa, ban da ita, domin ita ta koma ta duba littafin.

Kishiyarta shi ne Sarkin Taƙaitawa. Wannan ya ɗauki alkawari tsakaninsa da Mahaliccinsa cewa zai yi digiri a adabi ba tare da ya karanta littafi ko ɗaya daga bango zuwa bango ba. Makaminsa intanet da fim da kuma tambaya a bakin zauren jarrabawa: "Don Allah a gurguje, wa ya mutu a ƙarshe?" Da aka zo kan Waiting for Godot ya tsare ni yana son sanin ko mutumin ya zo. Na ce bai zo ba. Ya ce to me ya faru? Na ce ba komai, jira kawai suka yi. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce wannan Beckett ɗin mutumin kirki ne, bai wahalar da ɗalibi ba. Su kuwa waɗanda suka zauna a gida wata takwas a yajin aikin malaman jami'a na 2022, ba sa buƙatar kowa ya yi musu sharhin wannan wasa.

Yanzu ku gyara zama, mun iso kan Sha'iri.

Sha'iri ba ya amsa sunan da aka raɗa masa ranar suna. Yana da sunan alƙalami mai gaɓa uku, kuma yakan canza shi duk zango. Za ka gane shi tun daga nesa: jakar fata a rataye, gashi ba taza, da mayafin wuya na ulu a tsakiyar watan Afrilu, lokacin da kwalta ke narkewa. Ba ya karanta waƙoƙin kowa, wai kada su gurɓata masa murya. Keats da Okigbo da Niyi Osundare duk ya san su da suna, yana kuma girmama su irin girmamawar abokan sana'a da ba su taɓa haɗuwa ba.

Waƙoƙinsa cike suke da dusar ƙanƙara da ganyaye masu zuba a kakar Turai da wani tsuntsun Ingila mai kukan dare. An haife shi a garin da hunturu ke tsaga leɓe, ya tashi cikin kukan kurciya da ƙamshin ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, amma ko ɗaya bai cancanci shiga baitinsa ba. Tun da aka karantar da mu waƙar Wordsworth a kan furen daffodil, furen ya kafa sansani a littafinsa. Na taɓa tambayarsa launin furen. Ya ce irin wannan tambayar ce ke kashe fasaha a ƙasar nan.

Allah ya haɗa ni ɗaki da shi. Wahayi ba ya sauko masa sai dare ya raba. Za ka ji an taɓa ƙafarka a hankali.

"Abokina, ka yi barci?"

"Na yi."

"Gajeriya ce."

Ba gajeriya ba ce. Zai tsaya a tsakiyar ɗaki da gajeren wando da mayafin wuyansa, fitilar waya a hannu, yana karantawa yana lumshe ido a inda ya ga ya dace kai ma ka lumshe. In ya dire sai ya ce, "Gaya mini gaskiya, kada ka ji nauyina." Nan tarkon yake. In ka ce ba ka gane ba, fuskarsa ta washe, ya tuna maka cewa ko The Waste Land da ta fito a 1922 mutane ba su gane ta ba. In ka ce ka gane sarai, ya yi kwana biyu ba ya yi maka magana, domin ka mayar da shi marubucin talakawa. Amsa ɗaya ce ke ba da damar komawa barci: "Wannan ta fi ta jiya."

Yana da tauraruwa, ba shakka. Wata ɗalibar sashen kimiyyar sinadarai ce da ta taɓa aron bironsa a layin rajista ta ce ta gode. Ba ta san sunansa ba, na gaskiyar ko na alƙalamin. A kanta ya cika littafi biyu. Da labarin aurenta ya iso muna aji uku, mun ɗauka za mu huta, ashe kakarsa ce ta yanke saƙa. Baƙin ciki ya fi soyayya yawan baiti.

Lissafinsa kuwa a tsare yake. Soyinka ya karɓi kyautar Nobel a 1986 yana da shekara 52, saboda haka shi yana da sauran lokaci, ba gaggawa. Da Abubakar Adam Ibrahim ya ci kyautar NLNG ta dala 100,000 a 2016 da Season of Crimson Blossoms, Sha'iri ya ɗauki abin a matsayin albishir gare shi, har ya kasafta kuɗin: gida, mota, ɗakin karatu mai sunansa. A kan wannan kuɗin yake cin bashin garau-garau. Kwas ɗin ƙirƙirar rubutu kuwa da ƙyar ya haye, ya ce hassada ce, lakcaran ya ga abin da ya fi ƙarfinsa.

Duk da haka ban iya jin haushinsa ba. Shi kaɗai ne a ajin yake ganin rubutu abu ne da ya isa a hana ido barci dominsa. Kuma sau ɗaya, bayan ya dawo daga ta'aziyyar kakarsa, ya rubuta 'yan layuka a kan tabarmarta da butarta da carbin da aka bari rataye a ƙusa. Babu dusar ƙanƙara, babu fure. Ɗakin ya yi tsit. Na ce masa wannan ita ce waƙa. Ya ninke takardar ya ce wannan ai wasa ne, ko ɗan firamare zai gane ta.

Ɗan Ƙa'ida shi ma ba ya karanta labari, amma dalilinsa na ilimi ne. Tunda Roland Barthes ya sanar da mutuwar marubuci, shi bai ga amfanin damun mamaci ba. In ya ɗaga hannu, aji ya san an tafi. Zai taso daga Marx, ya ratsa ta Foucault, ya yada zango a Derrida, bayan minti goma lakcara ya ce, "To, mece ce tambayar?" Ya ce ai tsokaci ne.

Ustaz kuwa yana karantawa, har ya fi kowa. Ya bi Paradise Lost layi-layi yana jayayya da Milton a gefen shafi, yana neman tsari duk inda Iblis ya buɗe baki, ya kuma kammala da cewa marubucin ya ba la'ananne bakin da ya fi na mala'iku daɗi. Bai san manazartan Ingila sun daɗe da faɗin haka ba; da kansa ya gano. Da aka ba shi rawar Baroka a The Lion and the Jewel, ya amince bisa sharaɗin tazara. Haka ya yaudari Sidi daga ɗaya ƙarshen dandamali, hannunsa a bayansa, kuma ya fi kowa samun tafi.

Kwamared ya karanta Decolonising the Mind na Ngugi, wanda ya fito a 1986, bai sake zama daidai ba. Yakan yi awa guda yana tsine wa harshen 'yan mulkin mallaka, cikin Turanci mai kyan gaske. Ngugi dai ya koma rubutu da Gikuyu. Kwamared kuwa, ka ce ya rubuta maka sakin layi ɗaya da Hausa, za ka ga ƙugiyar ƙa da ɗa sun gudu, kalmomi sun manne da juna, ya ce matsalar wayarsa ce.

Duk waɗannan na yafe musu, duniya da lahira. Wanda ban yafe wa ba shi ne Ɗan Sandan Nahawu.

Wannan ba ya son littafi, ba ya son waƙa, ba ya ma son Turancin. Abin da yake so shi ne a yi kuskure a gabansa. Ba ya jin abin da kake faɗa, yana jiran inda za ka yi tuntuɓe. Akwai wata yarinya a ajinmu da ta fito daga makarantar gwamnati ta karkara. Ranar da ta fara ɗaga hannu, ta faɗi magana a kan Li ta cikin The Stillborn na Zaynab Alkali wadda ta fi duk abin da aka faɗa a zangon, domin ta san irin gidan da Li ta fito, ta san mene ne jiran mijin da ya tafi birni. Amma harshenta ya sauya harafi ɗaya. Ya kwaikwaye ta da ƙarfi daga baya, aka yi dariya. Ba ta sake ɗaga hannu ba har muka gama. Aji guda ya yi asarar abin da za ta faɗa na shekara uku, don mutum ɗaya ya ji daɗi na minti ɗaya.

Shi ne kuma mai yatsina fuska in ya ga littafin Hausa a hannunka. Bai taɓa buɗe Magana Jari Ce ba, bai san Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiya da Turai ya mayar da su 'yan gida tun a shekarun 1930 ba, aikin da in Bature ne ya yi shi da an ba mu shi a kwas guda. Littattafan Kano a wurinsa na 'yan mata ne da masu zaman kashe wando. Sai da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ya fito da Turanci a 2012, fassarar Aliyu Kamal, sannan ya fara cewa ai dama akwai abin dubawa a wurin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne inda yake ƙarewa. Yawancin masu wannan digiri aji ake tura su in an je bautar ƙasa, da yawa kuma a nan suke zama. Can za ka same shi da bulala, yana cin tarar yara don sun yi Hausa a harabar makaranta, yana ƙyanƙyashe wasu masu tsoron buɗe baki. An ba shi shekara huɗu ya zauna da Achebe da Austen da Alkali don ya koyi sauraron wanda ba shi ba, ya fito da jan biro kawai.

Saura mutum ɗaya, na bencin ƙarshe, kusa da taga. Ba ya tambaya, ba ya amsawa, sai murmushin wanda ya san wani abu. Yana sayen tsofaffin littattafai a bakin titi ya jera. Ulysses na nan a kantarsa, tikitin motar da ya sa alama da shi a farko-farko har ya yi ja. Yana yi wa Uwar Aji dariya, da littafinta kuma ya ci jarrabawa. Yana raina waƙoƙin Sha'iri, shi kuwa ko baiti bai taɓa nuna wa kowa ba. Kullum cewa yake yana nazarin mutane ne, wata rana zai zuba su duka a babban littafin da zai girgiza Arewa. Shekaru sun tafi, littafi bai fito ba. Labari na ƙarshe da na samu, wai ya rage buri, yana rubuta 'yan shafuka a mujalla yana tona asirin abokan karatunsa.