Wa Ya Ɗinka Rigar Alhaji?

Na san abin da za ku ce, ya ku Kanawa: wai Bazazzagi bai iya kasuwa ba, sai karatu da dogon nahawu. To, sannunku da ciniki. Amma kafin ku gama dariya, ku dubi babbar rigar da Alhajinku ya sha ranar Juma'a. Aska takwas ɗin nan da ke ƙirjinsa, ku tambaye shi inda aka yi ta. In ya fara kame-kame, ku shigo ta Ƙofar Doka mu nuna muku.

Ku kuma samarin da aka karantar da ku darasin kasuwanci a Samaru ko Kongo, kuke ta cewa ɗan kasuwa gwarzo ne shi kaɗai da dabararsa, ku taya ni ƙirga hannuwa. Mai jari ya sayi shadda. Tela ya yanka. Mai zane ya fitar da aska da tambari, sau da yawa wanda hannunsa ya saba da alƙalami ne tun a makarantar allo. Daga nan riga ta shige cikin gida, inda iyakarku zaure, ta yi makonni a cinyar matar aure. Yarinya ce ke kai da kawowa. Mabugi ya buge ta har ta ɗau ƙyalli, dillali ya saɓa ta sai Kano. To, wanne ne gwarzon naku?

"Ina takardar yarjejeniya?" in ji mai jakar boko. Babu ita, ɗan samari. Akwai dai surukuta, akwai sahun masallaci, akwai mai unguwa. Ka ci kuɗin aikin wata a Alfadarai da safe, kafin la'asar labari ya kai Kwarbai, gobe ba gidan da zai karɓi rigarka. Jarin ma daga adashi yake fitowa da gudummawar biki, don banki takardar fili zai tambaya.

Kada kuma ku ce al'ada ce ta daskare. A da ɗinkin riga aikin maza ne. Da suka koma keken ɗinki da aikin albashi, mata suka ɗauki allurar, ba tare da sun taka kasuwa ba.

Gwamnati fa? Ba ta san lungun ba, amma hannunta na cikin kowace riga. Da soja suka miƙa wa Shagari mulki a 1979, kaki ya koma bariki, kowane ɗan siyasa ya tashi neman babbar riga. Haka aka sake yi a 1999. Da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP ya karya darajar naira daga 1986, shaddar waje ta yi tsada, mai jari ya fara rage ladan ɗinki. A farkon 2023 kuwa, da takardar kuɗi ta ɓace bayan an canja fasalin naira, ku samarin boko ne kuka cika gari da "a yi taransifa". A tura wa wa? Yarinyar da ke ɗauke da rigar a ka?