Lam Huɗu Da Goran Nonon Inna

Bashen da na gada wurin kawuna Peugeot 504 ce, mai buɗaɗɗen baya, irin wadda aka soma ƙerawa a 1979. Injinta garau yake, amma bayanta ya zauna. Buhu biyu na hatsi in ka ɗora, sai ka ji taya na gugar ƙarfe, a kwana kuwa sai ta kwanta gefe guda har fasinja ya soma salati. To, ni na san 504 ce ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975, saboda haka na yanke cewa tawa ma jinin sarauta ce, wahala ce kawai ta ɓoye ta.

Na kai ta wani gareji a Filinge. Maigidan ya shige ƙarƙashinta, ya fito da jar ƙasa har cikin gemu, ya shiga yi mini karatu. Lam, wato ƙarafan nan masu lanƙwasa da aka jera bisa juna, su ke ɗaukar nauyi. Amortisar kuma shi ke kwantar da mota in ta yi tsalle, don kada ta ci gaba da rawa.

"Malam, naka amortisar sun zubar da mai tun zamanin mulkin Kunce," in ji shi. "Robobin ma sun cinye. A sake su, a ƙara lam ɗaya kowane gefe, shi ke nan."

Da ya faɗi kuɗin sai kunnena ya yi ɗif. Ina waigawa na hango tarin lam na wata matacciyar Land Rover a gindin bango, araha kamar a kyauta. Na ce a bar amortisar su huta, a zuba mini lam huɗu huɗu. Ya dube ni, ya dubi yaronsa, ya ce, "Motarka ce." Ƙarafan da ke ɗaure lam suka gaza tsawo, mai walda ya yi musu ƙari. Aka sauko da mota, baya a sama, hanci a ƙasa, kamar zabuwa na tsattsagar hatsi. A kan kwalta kam ba ta sake kwanciya a kwana ba, na yi ta zagaya gari ina amsa gaisuwa da oda.

Ana nan sai aka ce in ɗauko surukata daga ƙauyensu, can bayan Tukunus, inda gidan kiwon shanun Azawak yake. Saboda kunya Inna ta ce ba ta zama gaba kusa da mijin ɗiyarta. Ta haye baya da kayanta: cuku, ƙwan zabi cikin kwando, da goran nono da ta rungume. Duka-duka, da ita da kayan ba su kai buhu ɗaya ba, alhali lam ɗin da ke ƙarƙashinta sai sun ji lodin ranar kasuwa suke rusunawa.

Muka hau gargada. Direbobi sun ce maganin gargada gudu, sai na taka. Na dubi madubi na ga Inna, na sake dubawa na ga sararin sama, na ƙara dubawa ga Inna ta dawo. Ba ta ce uffan ba, ni ma ban ce ba, don suruki ba ya tambayar surukarsa dalilin tashinta sama. Abin da maigidan gareji bai tsaya ya nanata ba shi ne, 504 da tayoyin baya take tura kanta, nawa kuwa rabin tafiyar a iska suke. Muna shan wata kwana a gangaren Dallol Boso sai bayan motar ya nemi ya wuce gabanta. Na ji ƙas! Kusar tsakiya da ke riƙe lam ta tsinke, tayoyin baya suka goce, muka shiga gonar wani bawan Allah a karkace, rairayi ya tare mu.

Inna ta sauko, ta gyara lulluɓi, ta buɗe gora ta leƙa. Mai ya taso, dunƙule guda.

"Sannu da aiki, ɗan nan," in ji ta. "Ka hutar da ni kaɗa nono."

Zancen ƙwai ba wanda ya tayar. Amalanken shanu ya kai ta gari, tana tafe tana yabon laushinsa da ƙarfi yadda zan ji.

Maigidan gareji bai yi dariya a gabana ba, Allah ya saka masa. Ya sa sababbin amortisar da robobi da kusa, kuɗi ya ninka na farko. Ya so ya cire lam uku uku, na ce biyu biyu, ai da kuɗina na saye su. Waɗanda aka cire wani maƙeri ya karɓa, yanzu gatura ne, ya ce bai taɓa samun ƙarfe mai kyau irinsu ba.

Har yau bayan motar da sauran tauri, shi ya sa buhunan rairayi huɗu ba sa sauka daga ciki. In kun gan ni da su a kasuwar Filinge, don Allah ku daina tayawa, ba na sayarwa ba ne.